Sabis ya cika fal amma saƙo ya ƙi tafiya: wai ta ina data ke bi?

Mai POS na Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Masana na wannan zaure, tambaya gare ni. Me ya sa wani lokaci sandunan sabis za su cika fal a waya, 4G na nunawa, data kuma akwai, amma transfa ta ƙi tafiya, WhatsApp ya yi ta nuna agogo? Ni dai a ganina kamfanonin nan ne ke matse mu da gangan.

Ɗan Baba: Wa'alaikumus salam. Hadari ne. Intanet daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, in gari ya haɗa hadari sai ya tare shi.

Maman Ilham: Ɗan Baba, a watan azumin da rana ke dukan tsakar ka ma ana samun haka. Wane hadari?

Injiniya Abu Hafsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Baba, ka sauko daga sama, abin nan a ƙasa yake, mai ƙetare nahiyoyi ma mafi yawansa a ƙarƙashin teku yake.

Mai POS, sandunan da kake gani abu ɗaya kawai suke gaya maka: ƙarfin siginar da ke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis ɗin da take jone da shi. Ba su san komai game da abin da ke bayan ƙarfen ba. Daga ƙarfen, saƙonka zai bi wayar faiba, wato waya mai zaren gilashi da haske ke bi, da aka binne a ƙasa, ko faifan nan masu kama da ganga da ke maƙale a jikin ƙarfen suna kallon wani ƙarfen, har ya kai babbar cibiyar kamfanin layinka. A nan ne ake duba cewa sim ɗinka na da data, sannan a buɗe masa ƙofar fita zuwa wasu kamfanonin. Idan katafila mai aikin titi ta tsinke faiba a hanya, ko mutane suka yi wa ƙarfe ɗaya yawa, sandunanka za su ci gaba da cika, amma babu abin da zai wuce.

Mai POS na Kurna: To Injiniya, idan ya fita daga kamfanin layina, ina ya nufa? Ai ni na ɗauka intanet wani wuri ne guda da kowa ke jona wa.

Injiniya Abu Hafsa: Babu wani wuri guda, babu kuma mai shi guda. MTN na da nata tsarin sadarwar, Airtel na da nata, Glo na da nata, bankinka na da nasa, jami'a na da nata, Google da Meta na da nasu. Irin waɗannan sun kai dubu gommai a duniya. Intanet shi ne yarjejeniyar da suka yi cewa kowa zai karɓi saƙon wani ya miƙa gaba, da ƙa'ida iri ɗaya. Ƙa'idar ita ce TCP/IP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tsarinta a 1974, aka kuma koma kanta gaba ɗaya a ARPANET, tsarin sadarwar kwamfutoci na Amurka da intanet ya samo asali daga gare shi, ranar 1 ga Janairu 1983.

Bari na yi misali ɗaya. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai aika kaya Agadas. Kayan sun fi ƙarfin mota ɗaya, sai ya rarraba su dila-dila, kowace dila ya rubuta sunan mai karɓa da na mai aikawa da lambarta: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ɗan kamasho na tashar Kano ba ya buƙatar sanin lungunan Agadas. Abin da ya sani shi ne kayan wannan yanki motar Daura ko ta Katsina ake sa wa. A tasha ta gaba wani ya duba rubutun ya sa a ta Damagaram. Wata dilar za ta iya bin wata hanyar ta riga 'yan'uwanta isa. Can mai karɓa zai jera su bisa lamba, in ya ga babu ta bakwai ya bugo waya a sake aikowa.

Dilar ita ce fakiti. Yawanci ba ya wuce bayit 1,500, don haka hoto mai nauyin megabayit 3 ana yanka shi kusan gida 2,000. Ɗan kamashon shi ne rauta, na'urar da ke duba adireshi ta miƙa fakiti gaba. Rubutun adireshin aikin IP ne. Ƙirgawa da neman a sake aiko wanda ya ɓata aikin TCP ne.

Maman Ilham: Ikon Allah. To shi ya sa kiran bidiyo ke tsinkewa murya ta yi ta katsewa, amma hoto in ya zo yana zuwa cikakke?

Malamin Poly: Hajiya kin kamo bakin zaren. Hoto da takarda da transfa dole su isa cif, don haka ana jiran duk fakitin da ya ɓata. Amma kira kai tsaye yawanci wata ƙa'idar yake bi mai suna UDP, wadda ba ta tsayawa neman abin da ya faɗi a hanya. Me amfanin a kawo miki rabin kalmar da aka furta daƙiƙa biyu da suka wuce? Gara a tsallake a ci gaba. Wannan tsallakewar ce kike ji kamar muryar mutum na kakkaryewa.

Ɗan Baba: Ni fa har yanzu ban yarda babu tauraro a ciki ba. Ta yaya waya za ta bi cikin teku daga nan har Amurka? Wa ya shimfiɗa ta?

Ɗan Maraɗi: Ɗan Baba, kai ba ka tuna ran 14 ga Maris 2024 ba? Mu nan ma rezo ya yi wuya ranar. Labaru duka sun ɗauka, wayoyin teku ne suka katse.

Injiniya Abu Hafsa: Madalla da Ɗan Maraɗi. A ranar, wayoyi huɗu ne suka samu matsala kusan lokaci guda a tekun da ke gaban Kodibuwa: WACS, ACE, MainOne da SAT-3. Najeriya, Gana, Laberiya, Benin da ita Kodibuwar duk sun ji a jikinsu, manhajojin bankuna da yawa suka tsaya. MainOne ta ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin teku. Gyaran ya ɗauki makonni, domin sai jirgin ruwa na musamman ya je wurin, ya lalubo wayar ya ɗago ta, a haɗa zaren gilashin da ke ciki, a mayar.

Ɗan Baba, idan daga tauraro yake zuwa, me ya haɗa tsinkewar waya a gaban Abijan da ƙin buɗewar manhajar banki a Kano?

Kuma jiragen ruwa ne ke shimfiɗa su, ba yau aka fara ba. Tun 1858 aka ja wayar tangaraho ta farko ta ƙetare Atlantika. A tsakiyar teku kaurin wayar bai fi na tiyon ruwa ba. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS da ACE a 2012, Equiano ta Google ta sauka Legas a 2022, 2Africa kuma ta sauka Legas da Akwa Ibom a 2024. Abin da ya rage zafin abin a Najeriya a wancan lokacin shi ne Equiano da Glo-1 ba su tsinke ba, sai aka yi ta karkatar da kaya ta kansu.

Ɗan Baba: To Starlink fa? Shi ma a teku yake? 😂

Malamin Poly: A nan kana da gaskiya, amma rabi. Starlink ya shigo Najeriya a farkon 2023, kuma da taurari yake aiki. Sai dai tauraron ba shi ne ke riƙe da YouTube ko bankinka ba. Yana karɓa daga faifan da ke kan rufinka ya sauke a wata tasha ta ƙasa, daga nan saƙon ya shiga faiba kamar na kowa.

Ga lissafin da ya sa duniya ta zaɓi teku. Tsofaffin taurarin sadarwa suna nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa. Hawa da sauka, sannan amsa ta sake hawa ta sauko, ya haura rabin daƙiƙa kafin ka ji komai. Waɗanda suka yi zamanin kafe na VSAT sun san wannan jiran. Haske a cikin faiba kuwa yana cin kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, wato zuwa da dawowa kusan kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa. Su Starlink sun rage jiran ne da suka sauko da taurarinsu ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550.

Mai POS na Kurna: Injiniya, ka ce kowane fakiti da adireshi. Ni ban taɓa rubuta wani adireshi ba, sunan shafi kawai nake dannawa.

Injiniya Abu Hafsa: Rauta ba ta karanta suna, lamba take karantawa. Kafin wayarka ta aika komai, sai ta fara tambayar wata kwamfuta da ake kira DNS: wannan sunan mece ce lambarsa? A ba ta amsa da lamba irin 8.8.8.8, sannan tafiya ta fara. Tun 1983 ake amfani da wannan tsarin. Idan DNS ɗin ya kwanta, hanya lafiya lau take, amma wayarka ba ta san inda za ta ba.

Mai kwamfuta zai iya gwadawa da kansa. Buɗe baƙin allon nan na cmd, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, rubuta ping 8.8.8.8. Idan amsa na dawowa, hanya a buɗe take. Sai ka rubuta ping google.com. Idan na farko ya yi, na biyu ya ƙi, DNS ne ke da matsala, ba layinka ba.

Autan Mama: Yaya Injiniya, ni da abokina mun duba lambar IP ɗinmu, ni a gidanmu shi a gidansu, duk 192.168.8.100 ta nuna. An yi mana kutse ne?

Injiniya Abu Hafsa: Auta kwantar da hankalinka, ba wanda ya taɓa ku. Juya mifi ɗinka ka duba takardar da ke manne a bayansa ko ƙarƙashin batir, za ka ga wata lamba da ta fara da 192.168. Wannan rukunin, da wanda ya fara da 10, an ware su don amfanin cikin gida, kowa na iya maimaita su. Ba sa fita waje. Idan saƙonka zai fita, mifi ɗin yana goge lambarka ta gida ya sa tasa, ya rubuta a ajiye cewa wannan na wayar Auta ne, don in amsa ta dawo ya san wa zai ba. Ana kiran wannan NAT.

Dalilin wannan dabarar shi ne lambobin sun yi kaɗan. Tsohon tsarin, IPv4, lambobi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare a Fabrairun 2011. Kamfanonin waya ma haka suke yi mana, mutane masu yawa su fita da lamba ɗaya. Shi ya sa wani lokaci shafi zai tsare ka ya ce ka nuna kai mutum ne, alhali wani ne can da kuke raba lamba ya yi ɓarna.

Malamin Poly: Injiniya, a nan ina da ja. Kana yabon NAT kamar wata ni'ima, alhali faci ne. Shi ya sa mutum zai sa kyamara a shagonsa ya kasa kallonta daga gida sai ta hanyar sabar wani kamfani, wato babbar kwamfutarsa, a wata ƙasa. Maganin gaskiya IPv6 ne, wanda lambobinsa ba za su ƙare ba, kuma AFRINIC da ke Morishiyos tana raba shi ga kamfanonin Afirka tun tuni. Jan ƙafa ne kawai.

Injiniya Abu Hafsa: Malam, ban yabe shi ba, na ce shi ne ke aiki. A aji IPv6 na da daɗin koyarwa. A fili kuwa sai ka sauya tsofaffin na'urori, ka horar da ma'aikata, ka tafiyar da tsari biyu tare na shekaru, kuma mai saye ba zai ƙara maka ko sisi ba. Wanda ke fama da kuɗin dizal na ƙarfen sabis da ɓarayin batir, ka ce masa IPv6, kallonka kawai zai yi.

Malamin Poly: Indiya ma suna da talakawa da tsadar wuta, amma Jio ta gina nata a kan IPv6 tun farko.

Injiniya Abu Hafsa: Jio sabuwa ce, a 2016 ta fito, ba ta gaji tsohon kaya ba. Mu bar wannan, kar mu kori jama'a daga zauren.

Admin: Ku ci gaba, muna ƙaruwa. A dai kiyaye harshe.

Ɗan Maraɗi: Ni tambayata, mu da ba mu da teku hwa? Kuma wa ke gaya ma rauta hanyar da za ta bi, tunda kun ce babu shugaba?

Injiniya Abu Hafsa: Ku sai kun bi ta maƙwabta. Faiba ke fitowa daga bakin teku, ta Kwatano ko Legas misali, ta ratso ƙasa har ta iso ku. Don haka matsalar da ta samu maƙwabci tana iya samunku ba tare da an taɓa komai a Nijar ba. Cadi ma haka take da Kamaru da Sudan.

Tambayarka ta biyu kuwa ita ce zuciyar maganar. Kowane kamfani na da lambar shaida, kuma manyan rautocinsa na bakin iyaka suna shela ga maƙwabtansu: lambobi kaza zuwa kaza a wurina suke, mai son su ya biyo ta nan. Maƙwabcin ya ƙara sunansa ya sanar da na gaba. Haka labari ke yaɗuwa har duniya ta san hanya. Ana kiran wannan BGP. Kuma ba kullum gajeriyar hanya ake zaɓa ba, akwai ciniki a ciki: wa nake biya, wa ke biyana, da wa muka yi musaya kyauta.

Abin mamakin, an gina shi ne a kan yarda. In ka yi shela, sau da yawa ana gaskata ka. A 2008 Pakistan ta so toshe YouTube a cikin gida, shelar ta ɓalle waje, YouTube ya ɗauke wa yawancin duniya na kusan awa biyu. A Nuwamban 2018 kuskuren saiti a MainOne ta Legas ya sa saƙonnin da ke nufin Google suka karkata ta Rasha da Cana na fiye da awa guda, kamfanin ya fito ya ce kuskure ne. Sai kuma 4 ga Oktoba 2021, da Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida. Kwamfutocinsu na nan da ransu, shelar hanyar zuwa wurinsu ce ta janye.

Maman Ilham: Na tuna wannan daren! Na kashe waya na kunna har na gaji, na cire sim na goge da gefen zani na mayar 😂 Ashe ba daga ni ba ne.

Amma Injiniya, abin da ke damuna: idan saƙona na bi ta hannun kamfanoni barkatai haka, ba sa karantawa? Ina tura wa kwastomomi lambar asusu kullum.

Malamin Poly: Hajiya, masu miƙawa suna ganin daga ina zuwa ina, da yawan abin da ya wuce, da lokacin. Abin da ke ciki kuwa a kulle yake idan adireshin shafin ya fara da https. WhatsApp tun 2016 yake kulle saƙo daga wayarki sai wayar mai karɓa ce ke buɗewa. Inda ake cin mutane ba a hanya ba ne, a baki ne: a kira ki a ce daga banki, ki karanto lambar da aka turo miki.

Autan Mama: To a sa VPN mana, ai yana ƙara gudu. Lokacin da aka rufe Twitter da shi muka yi ta shiga.

Injiniya Abu Hafsa: Ya buɗe maka ƙofa, bai ƙara maka gudu ba. VPN yana naɗe fakitinka cikin wani fakitin ya aika wa wata saba, sau da yawa a Turai ko Amurka, ita kuma ta miƙa inda kake so. Kamfanin layinka sai ya ga kamar da sabar nan kawai kake magana, shi ya sa toshewar Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ba ta kama masu shi ba. Amma tafiyar ta ƙaru. In kana Kano kana neman bankin da sabarsa ke Legas, ka sa saƙonka ya je Turai ya dawo.

Kuma ka lura, a Satumban 2021 da aka kashe sabis a Zamfara, VPN bai yi wa kowa amfani ba, domin can ƙarfen kansa aka kashe.

Mai POS na Kurna: Wato in na tura wa maƙwabcina na shago saƙo, mai yiwuwa sai ya fita ƙasar ya dawo?

Malamin Poly: In ta WhatsApp ne, sai ya je sabar kamfanin tukuna, ko da kuna zaune a benci ɗaya. Da can ma har tsakanin kamfanonin Najeriya biyu saƙo kan je Landan ya dawo, saboda ba su da mahaɗa a gida. Wannan ne ya sa aka kafa IXPN a 2006, wuri ne da kamfanoni ke kawo wayoyinsu su jona da juna kai tsaye. Ya fara a Legas, yanzu yana Abuja, Fatakwal, Inugu da Kano. Manyan kamfanoni irin su Google kuma suna ajiye kwafin bidiyon da aka fi kallo a kusa, shi ya sa bidiyon da ke tashe ke buɗewa nan take, wani tsohon da ba a nema ya yi ta juyi.

Injiniya Abu Hafsa: Samun mahaɗa a Kano daban, kamfanoni su yarda su yi musayar a Kano daban. Matuƙar sabobin da muke nema suna Legas, can za mu ci gaba da zuwa. Ni a ganina abin da Arewa ke buƙata ya wuce ƙarin ƙarfen sabis: faiba ta hanyoyi biyu ko uku daban-daban, da cibiyoyin ajiye saba masu tsayayyiyar wuta, da gwamnatocin jihohi su rage kuɗin izinin haƙa ramin faiba.

Ɗan Baba: Duk wannan bayanin baki ne. A nuna min da ido.

Injiniya Abu Hafsa: Akwai. A cmd rubuta tracert google.com. Kowane fakiti na ɗauke da wata lamba da ke raguwa da ɗaya duk rautar da ya wuce, in ta kai sifili rautar ta jefar da shi ta aiko maka da sanarwa, don kar ya yi ta yawo har abada. Shi tracert sai ya aika na farko da lamba 1, rauta ta farko ta amsa. Ya aika da 2, ta biyu ta amsa. Haka har ƙarshe. Layin farko mifi ɗinka ne, za ka ga 192.168. Sai layuka masu farawa da 10, wato cikin kamfanin layinka. Wasu layukan alamar * guda uku kawai za su nuna, wannan rauta ce da ba ta son amsawa. Ka sa ido a kan lambobin ms, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa: inda ka ga sun yi tsalle daga 30 ko 40 zuwa sama da 100, yawanci a nan aka ƙetare teku. Wani lokaci ma za ka ga lon ko par ko ams a cikin sunan rautar, wato Landan, Faris, Amsadam.

Ɗan Baba: Ba ni da kwamfuta.

Autan Mama: Akwai manhajojinsa a Play Store, yanzu na sauke ɗaya. Yaya Injiniya, na gwada google.com bai wuce 45 ba har ƙarshe, babu tsallen da ka ce.

Injiniya Abu Hafsa: To a Legas ko kusa aka amsa maka, ba ka fita ba. Gwada shafin wata jami'a ta Jamus ko Japan ka turo mana hoton allon.

Ɗan Maraɗi: Ni ma bari in gwada nawa daga nan in turo, mu gani ko ta Kwatano nike hita ko ta wajenku.